Disambar Da Toma Bai Je Gida Ba

Duk wanda ya saba kunna rediyo da yammacin Asabar a Bauchi ya san Toma. Yaron garejin keke-napep ne a Yelwa, ɗan shekara goma sha biyar, mai tsiwa, mai son rogo da yaji, wanda ba ya amsa laifi sai an kama shi dumu-dumu. Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne babu wani Toma a duniya. Akwai dai Anti Fati, matar Malam Umar tela, uwar 'ya'ya huɗu, da hijabinta har ƙasa da jakarta mai nauyin tsiya. Ni Ja'afaru ni nake zama bayan gilashi ina ɗaukar sauti a wasan kwaikwayon namu, don haka da idona nake ganin mace mai shekara arba'in da 'yan kai ta shiga ɗakin ɗauka, ta buɗe baki, yaro ya fito. Labarinta zan bayar, da na wata uwa da ta zo neman ɗanta a wurin wannan yaron da babu shi.

A Jahun aka haifi Anti Fati, cikin gari sosai, gidan malamai. Abu biyu ta taso da su, kuma dukansu sun jawo mata faɗa: murya da tambaya. Muryar a dishe take tun tana ƙarama, irin ta yaron da ya fara balaga. Har bayan ta yi aure, in ta ɗauki waya sai a ce, "Kai yaro, ba mamarka." Tambaya kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. In mai kanwa ya yi sallama a ƙofar gidansu, kafin ya auna sai ta san garinsu, da sunan jakinsa, da dalilin da ya sa kunnen jakin ya tsage. Mahaifinta ya kan ce duk ɗaliban zaurensa ba su gajiyar da shi kamar ita kaɗai.

Tambayar ce ma ta kawo ta wurinmu. Wata rana ta kira wani shirinmu na kai tsaye tana son a gaya mata inda ruwan famfo yake zuwa in an ɗauke shi. Malam Ɗanlarai, wanda yake rubuta mana wasa, yana kusa. Ya daɗe yana neman muryar yaro, don yaran gaske in an sa su gaban makirfo ko dai su daskare ko su yi ta dariya. Ya karɓi wayar ya ce, "Yaro, shekararka nawa?"

Ta ce, "Malam, na girmi matarka."

Haka aka ɗauke ta. Malam Umar ya amince bisa sharaɗin kada a riƙa faɗin sunanta a ƙarshen shiri, ita kuma hakan ya fi mata.

Toman da Malam Ɗanlarai ya ba ta bai wuce layi biyu ba: yaron gareji ne, Kirista, daga wajen Bogoro, yana zaune wurin kawunsa, aikinsa ya ba da dariya. Malam yana ganin ya gama. Ai kuwa bai san wadda ya ɗauko ba. Wa ya raɗa masa suna? Uwarsa tana da rai? Da wane hannu yake riƙe sifana? In an zage shi ramawa yake yi ko sai ya koma bayan gareji ya yi kuka? Malam ya kan dafe kai ya ce, "Hajiya, karantawa kawai za ki yi. Ga takarda nan."

"Malam, ni ba zan iya magana da bakin mutumin da ban san abin da ke aljihunsa ba."

Da gaske take. Mako na biyu ta zo ta zazzage wata ƙaramar leda a kan teburin ɗauka: tsohon fulogi, da guntun mataji, da robar ɗaure kaya, da alewa guda da ta narke ta manne da takardarta. Ta ce kayan aljihun Toma ne. Tun daga ranar ba ta fara magana sai ta jera su a gabanta, kuma in na matsar da su don kada su yi min ƙara, sai ta harare ni kamar na taɓa mata ɗa. Ta kan hau keke daga Wunti zuwa Yelwa ba don tana da wurin zuwa ba, sai don ta ji yadda yaran gareji suke magana da direbobi. Ni dai na ɗauka ɓata lokaci ne, amma kafin shekara ta zagayo, wasan da aka gina a kan wani mai gidan haya da 'yan hayarsa ya koma wasan Toma.

Sai aka yi kuskuren Disamba. Malam Ɗanlarai ya rubuta shirye-shiryen watan yadda watan yake a wurinsa, wata ne kamar kowane wata. Toma yana gareji ana jajibirin Kirsimeti, yana gareji ranar Kirsimeti, yana faɗa da wani direba a kan taya. Godfrey, abokin aikinmu da zai iya lura, tuni ya ɗauki hutu ya tafi Tafawa Balewa. Mu da muka rage duk 'yan cikin gari ne, babu wanda abin ya ɗarsu a ransa. Har Anti Fati mai tambayar duniya, wannan ɗayar ta wuce ta.

A farkon Janairu mai gadi ya shigo da wata mata doguwa, ta ɗaura zanen zumuntar mata na coci, fuskarta babu wasa. Ta ce sunanta Mary, tana sayar da kayan miya a kasuwar Yelwa, an fi saninta da Maman Job.

"Ina yaron nan Toma? Ina so in ja masa kunne."

Na nuna mata Anti Fati da ke zaune tana ɓare gyaɗa. Matar ta dube ni kamar na raina mata hankali. Sai Anti Fati ta sunkuyar da kai ta ce da muryar nan, "Mama, ina wuni. Wallahi ba ni ba ne."

Maman Job ta nemi kujera ta zauna. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Can sai muka ga dariyar ta juye, tana share ido da bakin zane.

"To tunda ke ce uwarsa, ke zan tambaya. Me ya hana shi zuwa gida? Mu mutanen kudancin Bauchi, in Disamba ta yi, ko a kan buhu ne a bayan mota sai mutum ya je gida. Yaron da ya yi Kirsimeti a gareji, akwai abin da ya faru. Me ya faru?"

Malam Ɗanlarai ya fara bayanin cewa mantuwa ce kawai. Anti Fati ta ɗaga masa hannu. Idonta ya riga ya kawo wannan hasken da na sani, na wadda ta ga tambayar da ta fi ƙarfinta.

"Maman Job, ban sani ba. Amma ke kamar kin sani."

Nan matar ta ba mu labari. Ɗanta na fari, Job, yana da shekara sha shida lokacin da suka je gida wata Disamba. Ya saci makullin babur ɗin babansa, ya goya ƙaninsa Fortune, suka faɗi a wani gangare. Ƙafar ƙaramin ta karye, aka ɗaura, ba ta koma daidai ba, har yau yana ɗingishi, shi da ba shi da magana sai ta ƙwallo. Uban, cikin zafin rai, a gaban dangi, ya ce kada ya ƙara ganin Job a gidansa. Yaron ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta. Ba nisa ya yi ba, yana nan Miri yana aiki a wani injin casa, amma bai ƙara taka gidansu na Yelwa ba, bai ƙara zuwa ƙauye ba. Ta je ta same shi, ya gaishe ta da ladabi ya koma bakin inji. Uban ya yi nadama, sai dai irin mazan nan ne da nadama ba ta fitowa ta bakinsu.

"Yana jin shirinku," in ji ta. "Ran nan ya kira ni, ba mu da abin cewa, sai ya ce, 'Mama, kin ji abin da Toma ya yi?' Shi ke nan hirar da ta rage mana. Don Allah, Disamba mai zuwa ku kai Toma gida. In ya ji Toma ya je, wataƙila shi ma ya zo."

Malam ya ce ai wannan mai sauƙi ne. Anti Fati kuwa ta tambayi matar a wane layi rumfarta take.

Shekarar nan kaf, kusan duk mako, tana rumfar Maman Job. Ta kan zauna a kan benci tana taya ta cire hancin attaruhu tana tambaya. Me ake dafawa? Wa ake fara gaisarwa in an isa, kaka ko uba? Yara a ina suke kwana in gida ya cika? In yaro ya yi laifi babba, wa yake shiga tsakani? Maman Job ta ce mata, "Maman Toma, ko 'yan sanda ba su kai ki ba." Sunan da ta sa mata ke nan, kuma ya bi ta har cikin gidan rediyo. Malam Umar da kansa ya ce min tunda matarsa ta fara zuwa Yelwa bai ƙara sayen tumatir ba, amma kuma bai ƙara cin abincin rana a kan lokaci ba.

Abu ɗaya ta ƙi. Maman Job ta so a sa babur da ƙani a labarin Toma, yadda Job zai gane da shi ake. Anti Fati ta ce a'a. "In na ɗauki ciwonsa na watsa a rediyo, zai kashe rediyon, kuma yana da gaskiya. Toma zai zo da nasa."

Ta zo da shi kuwa, kaɗan-kaɗan. Da farko masu sauraro suka lura Toma ba ya tsayawa in ana ƙona shara a bayan gareji. Da masara ta fito, aka ba shi gasasshiya ya ƙi karɓa, shi da ba ya ƙin abinci. Mutane suka fara kira suna tambaya, wasu har da rantsuwa cewa aljanu ne. Sai da kaka ta yi sannan ya faɗa wa kawunsa abin da ba ya so a tuna masa: shi ne ya kunna wuta yana korar gafiya kusa da inda aka tara dawar gidansu, noman shekara guda ya ƙone ƙurmus. Babansa bai doke shi ba. Ya dai tsaya yana kallon tokar, washegari ya sa shi a mota. Ranar da muka ɗauki wannan, na manta ban tsayar da na'ura ba sai da Malam ya taɓa ni.

Disamba ta zo. Malam Ɗanlarai ya rubuta abin da ya yi alkawari, kuma ya rubuta da kyau: Toma ya sauka a mota, uba ya rungume shi, an yanka akuya, ana kiɗa. Ni har na tanadi kukan akuya da gangar da zan sa. Ita kuwa, kafin ranar ɗauka, sai ta kwashe yini biyu a tashar da motocin Dass da Tafawa Balewa da Bogoro suke lodi, wai tana so ta ji yadda tafiya gida take ƙara a kunne.

Ta dawo a sauye. Ta ce ta ga masu tafiya, da buhunan shinkafa da kaji da yara cikin sababbin kaya, duk yadda aka gaya mata. Amma ta ga wasu da ba a gaya mata ba. Can gefe, bayan masu lemo, akwai samari jefi-jefi da suka yi wanka suka sa tufafi masu tsabta, kowa da 'yar ledarsa, suna zaune. Ba 'yan kamasho ba ne, ba rakiya suka yi ba. Mota ta cika ta tashi, suna kallo. Ta tambayi wata mai lemo, ta ce mata ai duk shekara akwai irinsu, in motar ƙarshe ta tashi sai su miƙe su koma inda suka fito.

"Malam, Toma ba zai iya shiga motar nan ba."

Malam ya yi tsalle. "Hajiya, ni na ƙirƙire shi! In na ce ya shiga mota, zai shiga!"

"Kai ka haife shi, ni na raine shi. In ya sauka aka rungume shi aka yanka akuya, duk yaron da ke cikin irin halinsa zai ce wannan a rediyo ne kawai."

Ni ma a lokacin haushinta nake ji. Mata ta zo da hawayenta ta roƙi abu ɗaya tak, an yi mata alkawari, ke kuma kin tsaya kina kare mutuncin yaron da ko inuwa ba shi da ita. Na faɗa mata hakan a gaban kowa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta jera fulogi da mataji da roba da alewa ta ce in kunna na'ura, in bai yi ba a goge. Godfrey, wanda a wannan karon aka hana shi hutu sai an gama ɗauka, ya tsaya a matsayin mai sayar da lemo, ya tambayi Toma me ya sa bai shiga ba ga mota tana cika.

"Ba duka nake tsoro ba," in ji Toma. "Da duka ne, da tuni na je an yi an gama. Ƙofar gida nake tsoro. In na shiga, kowa zai bar abin da yake yi ya kalle ni, ni kuma ban san inda zan sa hannuna ba. Da dai wani zai zo ya ɗora min kaya a ka, ya ce mu je, kada ya tambaye ni komai. Mai ɗauke da kaya ai ba ya kallon kowa."

Na sa ƙarar mota tana tashi. Godfrey ya fito daga ɗakin bai kalli kowa ba. Malam ya ninke takardunsa ya ce a bar shi haka.

Shirin ya fita ranar Asabar. Ko kiɗan rufewa bai ƙare ba wayar Anti Fati ta yi ƙara. Muna jin muryar Maman Job daga inda muke.

"Shekara guda kina zaune a rumfana! Babu abin da na ɓoye miki! Abu ɗaya na roƙa, kika bar shi a tasha? Yanzu ya ji Toma ma bai je ba, me zai kawo shi?"

Ta kashe. Anti Fati ta zauna da wayar a hannu, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta ƙaunaci matar nan. Ta ce min, "Ja'afaru, wataƙila na yi kuskure." Ban lallashe ta ba, saboda ni ma haka nake gani.

Ranar Litinin da hantsi muna ɗakin ɗauka wayar ta sake ƙara. Maman Job ce, ga ƙarar mota a bayanta. Anti Fati ta buɗe sautin muka matso.

Ta ce sun zo tasha ita da Baban Job da Fortune, an ɗaure kaya, har ta sa ƙafa ɗaya a mota tana ta fushi a ranta. Sai maganar nan ta ƙofar gida ta dawo mata. Ta ce da direba ya dakata. Ta zagaya bayan masu lemo, ta bi gefen katanga tana duba fuskoki. Job yana can ƙarshe a kan wani bulo, da farar riga a goge, da baƙar leda a cinya. Daga baya ya gaya mata duk Disambar da ta wuce nan yake zama, yana ganin shigarsu mota.

"Maman Toma, tambaya ta cika min baki. Na haɗiye. Na koma na sa aka kwance buhun doya, na jawo shi har gabansa, na ce, 'Ɗauki wannan, bayana na ciwo.' Ya ɗauka a ka. Ya bi ni."

"Babansa fa?"

"Yana gidan gaba. Bai juyo ba. Ya dai ce, 'Direba, mu huɗu ne.'"

Malam Ɗanlarai ya cire hula ya mayar. Ni na juya ina gyara wata waya da ba ta lalace ba. Anti Fati kuwa, hawaye na zuba, amma hali ba ya barin mai shi. Ta matso da bakinta kusa da wayar.

"Maman Job, ledar nan da ke cinyarsa. Me ke ciki?"

Sai matar ta ce:

"Takalmin ƙwallo ne. Na Fortune. Tun Disambar farko Job ya saya, shi yake zuwa da shi duk shekara. Yanzu ko rabin ƙafarsa ba ya shiga. Ga Fortune nan ya ɗaure igiyoyin ya rataya a wuya, ya ƙi cirewa."

A duk shekarun da na san Anti Fati, ranar ce kaɗai aka ba ta amsa ba ta ɗora wata tambaya a kai ba.